Awakin Baban Aghali

"Da kika tambayi ɗalibinki Aghali, me ya ce?" in ji Mushe Attahir.

"Bai ce komai ba, Mushe. Kai kawai ya sunkuyar." Samira ta share ido da bakin mayafi. "Lissafi ne fa. Jiya cewa na yi kowa ya faɗi awakin babansa nawa ne, mu tara a allo. Yau rabin aji bai zo ba."

Samira ƴar Falanko ce, ƴar manoman gero. A gidansu da ƙarfi ake ƙirga dami a bakin rumbu, maƙwabta na ji. Da damina ta yi ta ƙi, yayyenta suka tafi Libiya, aka bar ta ita da tsohuwa da ɗan bokon da ta yi. Makarantar horon malamai ta Damagaram ce ta turo ta wannan lakwal, firamaren kwarin Tarka, ta koyi riƙon aji a hannun Mushe Attahir. Jibi sufeto zai zo ganin darasinta. Bara ta faɗi wannan gwajin, an kuma gaya mata bana ne na ƙarshe. In ya tarar da tabarmi ba yara, shi ke nan.

Shi kuwa Mushe Attahir ba ya ba ɗalibi amsa, sai tambaya.

"Su wa ne ba su zo ba?"

"Ƴaƴan makiyaya."

"Kin taɓa jin makiyayi ya faɗi yawan dabbarsa?"

Ta yi tunani. Ko a kasuwa ba ta taɓa ji ba.

"Bakin mutane suke tsoro, kar ya kama musu dabba," ta ce a hankali. "Ni kuma na sa yaro ya tona garken ubansa a gaban mutane." Ta matso kusa da shi. "Mushe, don Allah ku je ku ba iyayensu haƙuri. Ku suke jin maganarku."

"In na je, ni za su dawo wa. Jibi ke ce a gaban allo, ƴata."

"In suka kore ni fa?"

"Zai yiwu. Me za ki fara ce musu?"

"Wallahi ban sani ba."

"Yanzu suna rijiya suna shayarwa. In suka gama, sai daji."

Ta dubi rairayin da ke tsakaninta da rijiyar, rana ta take. Ta gyara mayafi, ta sa takalmi, ta nufi inda kukan raƙuma ke tashi.