Ranar da Na Cire Hula Gaban Yayata

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Asabar, a daminar da sojoji suka koma bariki. Mu uku ne a gidana na Ƙofar Kwaya: ni, da mai ɗakina, da yayata da ta zo daga Ƙofar 'Yandaka don ta gane wa idonta ko gaskiya ne na zama mijin tace.

Gaskiya ne, kuma ni na nema. Na daɗe ina masinja a wani ofishi a GRA, ana aikena ba sannu ba na gode. Bin umarni bai taɓa damuna ba, rashin ladabi ne ciwona. Saboda haka na miƙa wa mai ɗakina mulkin gida bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, gaisuwa kafin umarni. Na biyu, ba umarni gaban baƙo. Na uku, in na cire hula na ɗora a gwiwa, magana ta tsaya. Ta amince, har ta ƙara nata: in na ce to, kada in yi gunaguni.

Ran nan hadari ya taso, ga shanya a igiya. Mai ɗakina ta leƙo daga madafi.

"Malam, tashi ka kwashe kayan nan!"

Ta karya sharaɗi biyu a numfashi ɗaya. Yaya ta ajiye kofin furarta, tana murmushin wadda tafiyarta ta biya.

Na cire hula, na ɗora a gwiwa. In mai ɗakina ta ƙi tsayawa, yarjejeniya ta mutu, kuma kafin Magariba dangi sun ji.

Ta dubi hular. Ta rusuna.

"Malam, sannu da hutawa. Na yi kuskure, a gafarce ni."

Ta kwashe shanyar da kanta, yayyafi na dukanta.

Yaya ta riƙe haɓa. "Kai, ka ji tsoron Allah! Ko sojan da ya sauka bai yi wannan mulkin ba. Baiwar Allah, haka kike fama?"

"Sai haƙuri, Yaya."

Yaya ta tafi tana shelar ƙanenta zaki ne. Biyar da rabi, mai ɗakina ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, sannan ta ce zaki ya hura gawayi ya goge kayan duka. Na ce to. Na goge, ba gunaguni.

Mai karatu, in ka haɗu da yayata, don Allah kada ka gyara mata labari.