Yajin Aikin Masu Dashe

Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci a Mafara, ina da jikoki. Ranar da rediyo ya ce ma'aikata sun yi yajin aiki har an ƙara mafi ƙarancin albashi, na tambayi malamarmu ko dokar ta san da mu, mata masu dashen shinkafa a gonakin Bakolori. Ta ce ba ta jin ta sani. Na ce to za mu sanar da ita.

Abu biyu muka nema: a ƙara ladan yini, kuma mace ta zauna cikin manoma duk ranar da za su yanke shi. Shugaban manoman ƙanin mijina ne. Da na kai masa maganar ya ce, "Matarmu, bokon nan ya hau miki kai."

"Gara ni, akwai abin da ya hau nawa."

Muka tafi yajin aiki. Sai dai mun ɗauka dole mai gona ya gan ka kana ƙin aikin, don haka muka ɗunguma bakin gonar ƙanin mijin nawa muka baje, har da furarmu. Ya kwaso maza suka shiga taɓo. Wannan ya cusa iri kamar yana binne gawa, wancan ya dasa nasa a kwance, layi ya nufi Maradun ya dawo ta Bakura.

Wata tsohuwa a cikinmu ta yi ta tsaki. Can ta ɗaure zane ta ce, "Layi guda zan gwada musu, ɗiyan nan za su kashe iri." Aka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ina ihu ina kiran su maciya amana. Ni ce ta ƙarshen shiga, kuma na fi kowa sauri, saboda haushi. Kafin la'asar mun dashe masa gona kyauta. Har goro ya raba mana, marar kunya.

Washegari na hana kowa fita, muka zauna a gida inda ido ba zai ga ɓarnar maza ba. Sauran manoma sun riga sun cire iri, rana ta fara dafa shi. Kafin azahar sai ga ƙanin mijina a ƙofar gida, babur ko kashewa bai yi ba.

An ƙara ladan, ba yadda muka so ba. Zaman manoma kuwa ni nake zuwa. Tabarmata tana can bakin ƙofa wajen takalma, amma Allah ya hore mini murya, ba su taɓa cewa in maimaita ba.