Ƙauyen da Tantunanmu Suka Tayar

Jimeta

Mun tashi daga Damilu ana idar da sallar asuba, mu shida a motoci uku: jif biyu da a-kori-kura ɗaya. Niyyarmu duwatsun da ke gabas da Jada, wajen iyakar Kamaru, inda aka ce mana hanya ba ta taɓa ganin kwalta ba. Tun shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya motocin nan ba su san ko'ina ba sai ofis da kasuwa da gidan biki. Da abubuwa suka ɗan lafa muka ce bari mu ga ko ƙarfin da aka sayar mana da su gaskiya ne.

Ni aka ɗora wa zancen wurin kwana, domin ni ne ban zo ba ranar da aka raba aiki. Na tarar an rabu biyu. Bappa Hamman, dattijon tafiyar, tsohon ma'aikacin gwamnati mai fama da ciwon baya, ya ce shi katifa yake so da ƙofa mai sakata. Emeka kuwa, mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen unguwar Ajiya a nan Jimeta, ya riga ya yi odar tantuna uku daga Onica, kuma a ganinsa duk wanda ya je daji ya kwana a ɗaki bai je daji ba. Na tambayi Malam Zira, malamin lissafi, mutumin Michika, wanda ya shigo Yola da ƙafa a shekarar gudu. Bai ɗaga kai daga shayinsa ba.

"Na kwana a tanti wata bakwai a sansanin gudun hijira, kyauta. Ba zan sayi mai in je in ƙara ba."

Sai na raba gardama. Daren farko a wani masaukin mishan da ke gindin dutse, na kira mai kula da shi ya ce akwai ɗaki uku da rijiya. Dare na biyu tanti ga mai so. Babu wanda ya ji daɗin hukuncin, Bappa ya ce alamar adalci ke nan.

Ngurore zuwa Mayo Belwa

A shingen da ke gaban Ngurore wani soja ya sa aka kwance buhunan da ke bayan a-kori-kura. A nan na fara ganin tantunan da idona. Korra ne shar, irin koren kakin soja. Sojan ya dube su, ya dube mu, ya tambayi inda za mu. Emeka ya ce yawon buɗe ido. Sojan ya maimaita maganar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta, sa'an nan ya tambayi Emeka ko babu shuɗi ko ja a kantin da ya saya. Emeka ya ce koren ne ya fi araha. Aka ɗaga mana sanda.

A Mayo Belwa muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai a bakin tasha. Mai kunun ta ji inda za mu ta ce an yi ruwa a can shekaranjiya. Bappa ya shaida mata damina ta ƙare. Ta ce to, ta ƙara masa kunu.

Jada zuwa bakin mayo

Mun cika tanki da jarkoki a Jada, muka saki kwalta wajen hantsi. Hanyar ta yi abin da muka zo nema: kwazazzabai, duwatsu masu kan tulu, gonakin gyaɗa da doya hagu da dama, sai babura jefi-jefi da ke ratsewa su tsaya kallonmu. Waya ta daina kamawa tun kafin azahar.

Tsakaninmu da masaukin akwai mayo guda, wato rafi, mai faɗi da yashi. Bappa ya ce ya sha ƙetare irinsa tun ba a haife mu ba, ya shiga gaba. Jif ɗin ta yi rabin hanya ta zauna, ruwa har ƙofa. Daga azahar har la'asar sakaliya muna haƙa, muna cusa rassa da duwatsu, muna ja da sarƙa. Da ta fito, ta baya ta fito, wato muna nan a gefen da muka fara. Katifun mishan na can tsallake, muna hango dutsen da suke gindinsa. Emeka ya fara kwance buhun tantuna.

Mun sami tudu muka jera motocin, muka kafa tantuna. Can gaba kaɗan akwai ƙauye, muna ganin jinkaye da hayaƙi. Na ce a je a gaida mai gari, aka ce bari a gama tukuna kada duhu ya yi. Uku daga cikinmu masu gemu ne, gilasan jif ɗin Bappa baƙaƙe ne, Emeka kuma yana sanye da wata koriyar hula da ta zo kyauta da tantunan. Babu wanda ya tsaya ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya.

Ƙauyen

Ni da Malam Zira muka ɗauki jarka muka taka zuwa ƙauyen neman ruwa da gaisuwa. Muka yi sallama a gidan farko, shiru. Na biyu ma haka. Ga kaji, ga awaki, ga turmi da taɓarya a ciki, ga rediyo a kan kujera tana ta magana ita kaɗai. A wani gida tukunyar tuwo na tafarfasa a murhu. Na ce ƙila sun tafi coci ko jana'iza.

"Gudu suka yi," in ji Malam Zira. "Mu suka gani."

Ya naɗe hannun riga ya sauke tukunyar, ya janye itacen, kamar gidansu.

A gida na ƙarshe muka tarar da tsohuwa zaune a ƙofar ɗaki a kan tabarma. Ƙafafunta a kumbure suke. Zanen jikinta sabo ne, har da alamar ninki, ɗankwali a ɗaure tsaf, ta ɗora hannuwa a cinya. Ba ta dube mu ba. Malam Zira ya tsuguna daga nesa ya ce, Dada, sannu da gida.

"Ni kaɗai na rage," ta ce. "Ku yi abin da ya kawo ku."

Ya gaya mata mu malamai ne da 'yan kasuwa daga Yola, motarmu ce ta kafe a mayo. Ta daɗe tana kallonsa, ta kalli jarkar da ke hannuna, sa'an nan ta tambaya, in haka ne me ya hana mu yin sallama tun da rana. 

Malam Zira ya tambaye ta sunan ɗanta, ta ce Bulus, suna kan dutse da sauran jama'a. Ya ce in koma da sauri: a sauke tantuna, a buɗe ƙofofin motoci duka, kowa ya zauna a ƙasa a fili, kada a kunna fitila, kada wanda ya riƙe ko da cokali. In kuma turo masa Bappa saboda Fillanci. Na isar da saƙon. Emeka, wanda shi ma ya taɓa kwashe iyalinsa zuwa kudu a shekarar gudu ya rufe shago, ya sauke tantunan da sauri fiye da yadda ya kafa su, ya cusa hular a ƙarƙashin kujera.

Muna zaune a ƙasa muna jin muryar Malam Zira daga gindin dutse yana kiran Bulus, yana cewa mahaifiyarsa na nan lafiya. Daga baya Bappa ya ba mu labari cewa shi da Malam Zira hannu sama suka tafi, kuma mafarautan garin sun sa su kwanciya rub da ciki a kan tsakuwa kafin a saurare su. Ya ce bayansa bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Mu ma mafarautan sun zo mana, ta baya, daga cikin dawa, da bindigogin toka da kwari da baka. Ban ji tahowarsu ba sai da na ji warin albarushi. Suka caje motocin ɗaya bayan ɗaya. Suka sami burodi, kifin gwangwani, risho, gidan sauro da man zafin Bappa. Babbansu ya juya man zafin a hannu, ya ce wa mutanensa waɗannan ba mayaƙa ba ne, marasa aikin yi ne.

Masauki

Jama'a sun sauko ana magariba, mata da goyo, maza da ƙullin kaya a ka. Ba wanda ya zage mu, kuma ba wanda ya amsa gaisuwarmu da daɗi. Wata mata, Saratu, ta zame a kan dutse ta karye a hannu, an ɗaure mata da kara da tsumma.

Jauro, wato mai garin, ya saurari bayaninmu har ƙarshe. Ya ce watanni kaɗan da suka wuce wasu baƙi sun sauka a dajin wani ƙauye can gaba, su ma da yamma, kuma abin da ya biyo baya ba na faɗa ba ne gaban yara. Game da kwana kuma ya ce a garinsa baƙo ba ya kwana a daji kamar ɓarawon shanu. Aka kai mu ajin firamare, ba ƙofa, ba taga sai rami, bencina huɗu. Bappa bai sami sakatarsa ba, Emeka bai sami tantinsa ba. A matsayina na mai kula da masauki na tambayi abin da za mu biya, Jauro ya ce da safe mu kai Saratu asibiti.

Tuwo ya ƙone a kusan kowane gida, shi aka kawo mana da miyar gyaɗa. Muka cinye shi tas.

Malam Zira bai ci tare da mu ba, yana wajen tsohuwar har bayan isha'i. Da ya dawo ya zauna a bakin ajin na kai masa nasa kason. Ya ce, ban tambaye shi ba, mahaifiyarsa ma haka ta yi ranar da suka bar Michika. Ba ta iya hawa dutse, sai ta yi wanka ta ɗaura zanen zuwa coci ta zauna a ƙofar ɗaki.

"Mun ce mata za mu dawo da mota," ya ce.

Ya fara cin tuwon. 

Komawa

Da sassafe muka yi sallama gida-gida, wannan karon da Jauro a gaba. Dutsen da muka zo gani muka bar shi inda yake. Saratu ta zauna a gaban jif ɗin Bappa, mijinta a baya, sau ɗaya ta yi mana magana har Jada, ta ce a kashe sanyin motar, ba gawa aka ɗauko ba. Mun jira aka ɗaura mata hannun, muka saya musu magani, muka sa su a motar kasuwa mai komawa.

Mun shigo Yola da la'asar. A unguwar Yolde Pate muka fara tsayawa, nan Malam Zira yake haya. Ya sauke jakarsa, ya tsaya riƙe da ƙofar motar, ya tambayi Bappa ko jif ɗin za ta iya hanyar Michika. Ya ce maƙwabta ne suka binne mahaifiyarsa, kuma har yau bai je ya ga wurin ba. Bappa ya ce motar da ta sha ruwan mayo ba ta mutu ba babu inda ba za ta je ba, ya shirya ranar Asabar, da asuba.

Na isa Damilu ana kiran magariba, da laka har gwiwa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Muna gode wa Jauro da mutanensa, da suka ciyar da mu a ranar da muka hana su cin nasu da kwanciyar hankali, da Saratu, da muke roƙon ta yafe mana hannunta. Godiya ta musamman kuma ga mafarautan garin, waɗanda suka fara yin tambaya kafin su harba.