Akwatin Munzali

Ranar Talatar nan, ɗana Munzali ya tafi sallar asuba da takalminsa, ya dawo da na ladan. Da hantsi uwarsa ta aike shi sayen ƙosai. Ya dawo da labarin akuyar da ta haifi uku a bayan rijiyar Kusugu. Babu ƙosai, babu kwano.

Kafin azahar an koro shi daga aji. Ya amsa tambaya tun malami bai gama yin ta ba, kuma a tsaye kan benci. Da la'asar Jafaru tela, maƙwabcinmu, ya yi sallama.

"Malam, yaron nan ya zauna a shagona, yanzu ba almakashi. Ba na son in faɗi kalmar."

"Wallahi Baba Jafaru, ni ban... kai, wa ya ɗinka maka hular nan?" in ji Munzali.

Shekararsa goma sha uku. Wani likita a Katsina ya taɓa gaya mana cewa lalura ce: hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, jikinsa ma haka, hannunsa kan ɗauka ya ajiye bai sani ba. Unguwa ba ta ji bayanin likita ba. An fara raɗa cewa yaron yana da ɗan hali.

Bayan magariba zazzaɓi ya kama shi. Ranar Juma'a aka yi masa sallah. Allah ya jiƙansa.

Da aka tashi daga zaman makoki muka buɗe akwatinsa: almakashi, cokula, ƙararrawar keke, murfin buta, carbin wani. Uwarsa ta ce, "Kada sunan nan ya bi shi." Na zuba su a buhu, na bi gida-gida.

Jafaru ya karɓi almakashinsa. Sannan ya jawo jakar makarantar Munzali daga ƙarƙashin teburi. Ko'ina haka: inda ya ɗauko cokali, ya bar riga. Inno mai koko ta miƙo mini rediyonsa, ta ɗaga murya don layi ya ji:

"Ɓarawon da zai ɗauki murfin buta ya bar rediyo? Allah ya ƙaro mana irinsa!"

Buhun ya dawo gida ya fi yadda ya fita nauyi. Tufafin muka kai wa 'ya'yan ƙanena a Sandamu, littattafan muka mayar makaranta. Saura wani kwaɗo marar makulli, wanda ba a samu mai shi ba. Yana kan tagar uwarsa.