Dangin da tsoho mai waina ya samu kafin azahar

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar Talata, mu uku ne a gaban teburin karɓar marasa lafiya na wani asibiti a Alƙahira: ni, da matata, da tsohon nan mai waina na unguwarmu, Arba wa Nus. Ba zan taɓa manta wannan safiya ba.

Tsohon ɗan daudu ne, kowa ya sani. Shekara talatin yana soya waina, shi ke dafa abincin suna da na biki. Ni tela ne, ba na son wasa, kuma gaskiya ban taɓa zama kusa da shi ba. Matata ce ta dage mu raka shi, don ciwon mafitsararsa ya kai ga aiki, ga shi ba shi da kowa.

Da farko ma'aikaciyar da ke teburin ta ga lalle a tafin hannunsa, ta ji muryarsa, sai ta yafito abokiyarta suna dariya, ta kira shi da sunan mace. "Ɗakin maza ko na mata, ya hajja?" Daga nan ta ce sai dangi uku sun ba da jini kafin azahar, in ba haka ba a ba wani gadonsa. Ta san ba shi da dangi, ita ta rubuta haka a takardarsa.

Tsohon ya ɗauki ledar kayansa. "Malam tela, khalas, shi ke nan, mu koma gida. Shekara huɗu ina gudun asibiti saboda irin wannan."

Maganar ta ƙona min rai. Na ce, "Baba, zauna. Ba inda za ka." Na naɗe hannun riga, na ce su fara da ni. Matata ta fita waje da wayarta, tana kiran mutanen unguwa.

Ƙarfe goma da rabi wata motar haya ta tsaya a ƙofa. Mata takwas suka sauko, da ɗalibai biyu masu karatun addini, har direban, ɗan Sudan, ya biyo su. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta dafa tebur. "Ina mai neman dangin? Ga mu. Wainarsa aka ci a sunan 'ya'yana biyar." Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai, ta shiga rubuta sunaye.

Likita ya fito ya dubi layin, ya juya ga tsohon. "Duk naka ne, ya hajj?"

"Duk na ciyar da su, likita. Har da wannan tela mai ɗaure fuska da bai taɓa amsa gaisuwata ba."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma da kunya.

An yi aikin da la'asar. Bayan wata ɗaya ya koma kan tandarsa, kuma ni na fara saye.

Ranar na gane cewa ba ma'aikaciyar ce ta fara wulaƙanta shi ba, mu muka fara. Don haka ina roƙonka mai karatu: in akwai tsoho irinsa a unguwarku da ke gudun asibiti, ka je gobe da safe ka raka shi.