Ranar da Inna Ta Shiga Jirgi

A Yelwa Inna ta haife ni, a nan ta raine ni, kuma har na girma na fara aiki ban taɓa ganin ta sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Gidanmu ba shi da nisa da bakin ruwa, in iska ta juyo har ƙarar injin jirage muke ji daga tsakar gida. Amma ita ruwan da ta yarda da shi na randa ne. Ko biki aka yi a ƙetare sai dai ta aika da gudummawa ta ce a gaishe su. In muka tsokane ta sai ta ce ita ba kifi ba ce.

Kifin kuwa da shi ta ciyar da mu. Banda take sara ta sayar wa matan unguwa, kuma shekara da shekaru a hannun mace ɗaya take saye, wata matashiya daga wani gungu, wato tsibiri, can wajen Ngaski. A gidanmu mai kifin Inna muke ce mata. Duk ranar kasuwa za ta shigo da kwando a ka, ta sauke, ta sha ruwa, su hau ciniki da Inna kamar za su daku, a ƙarshe su rabu suna dariya. Hajiya take kiran Inna, ni kuma Malama. Abin da na fi tunawa da ita gammonta. Wani majanyi ne na saƙi, mai kyau, irin wanda ake ɗaure goyo da shi, take naɗewa ta ɗora kwandon a kai. Inna ta taɓa yi mata faɗa a kan wulaƙanta abu mai daraja haka. Ta ce na mahaifiyarta ne, ta rasu ta bar mata tun kafin a yi mata aure, kuma tun da ba ta da abin goyawa gara ya yi wani aikin. Inna ba ta ƙara ta da maganar ba.

Ciki biyu mai kifin ta yi, duka ba ta ga ɗan a raye ba. Na biyun ma da ƙyar ita kanta ta tsira, domin naƙuda ta zo mata da jijjiga ana tsakiyar iska, kafin mijinta ya samu ƙetaro da ita abin cikin ya riga ya tafi.

A lokacin da nake ba da labari na bar aikin asibiti na koma wani ƙaramin kamfani da wata likita 'yar ƙasarmu ta kafa. Mutane sun sha tambayata wane irin kamfani ne wannan da ba ya sayar da komai. Aikinmu shi ne ba hukumomi da ƙungiyoyi shawara kan lafiyar jama'a: a ina ya kamata a sa ɗakin shan magani, me ya sa mata ba sa zuwa awo, ta yaya rigakafi zai kai tungayen masunta. Su biya mu, mu ɗauki albashi, abin da ya saura mu zuba shi cikin aikin mutanen ruwa. Likitar takan ce bai kamata ruwan da ke ciyar da mutum ya zama shi ke raba shi da asibiti ba. Na yarda da ita, har yanzu ma na yarda.

Babban abin alfaharinmu a shekarar shi ne gidan jira. Mun kama gida kusa da asibiti, muka yi masa fenti, muka zuba gadaje da gidajen sauro, har da tukwane da murhu. Tunaninmu mai sauƙi ne: mace mai ciki daga gungu ta ƙetaro tun da sauran lokaci, ta zauna a tudu, in naƙuda ta zo asibiti na kusa. Muka zagaya tungaye muka yi shela. Kowa ya ce madalla, Allah ya saka da alheri. Damina ta kama, ruwa ya fara cika, gidan jira yana nan fes, ƙadangaru kaɗai ke shiga suna fita. Ni da nake da saurin fushi na fara cewa mutanen nan ba sa son kansu. Likita ta ce in rage wuta, akwai abin da ba mu ji ba tukuna.

Ana cikin haka mai kifin Inna ta samu ciki na uku. Ba ta faɗa ba, ai ba a faɗa, ni ce na lura da tafiyarta. Na zaunar da ita a tsakar gida na gwada jininta, na ga ya hau fiye da yadda hankalina zai kwanta. Na kai ta awo da kaina, aka ba ta magani, na kuma gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: wannan cikin ba na haihuwa a gungu ba ne, in ta tsaya can har naƙuda ta same ta, ina tsoron mu rasa su duka biyun. Ta sunkuyar da kai ta ce sai abin da maigida ya ce.

Na bi ta har gungun na samu maigidan. Na tafi da shirin faɗa, sai na tarar da mutum mai sanyin hali yana gyaran taru a gindin bishiya, tsoro ya fi nawa yawa a idonsa. Ya ce shi ba ya ƙin asibiti, shi ne fa ya yi tuƙi da ita cikin iska a wancan karon, bai manta ba. Sai ya ajiye tarun ya dube ni.

"Malama, in ta tahi, gidan wa za a ce ta tahi? Gidan ga naku ba ya da mai shi. Macce ba ta barin ɗakinta ta zamna inda babu uwa babu uba. Cewa za a yi na kore ta, ko ta yi yaji."

Na yi ta bayani a kan gadaje da gidajen sauro da mai gadi. Ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya raka ni bakin jirgi da ƙullin kifi. Na dawo gida raina a ɓace, na kwashe duka na faɗa wa Inna ina huci. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar kasuwar da ta biyo, kwandon ya zo amma a kan wata maƙwabciyar mai kifin. Ta ce ƙafafun mai kifi sun kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Inna ta karɓi kifin ba ta yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba. Da safe na fito zan tafi ofis na tarar da ita ta ci ado, ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, ga ƙullin goro a hannu. Ta ce in kai ta bakin ruwa. Na ɗauka saƙo za ta bayar. Sai da na ga ta tattare zani tana neman inda za ta taka na gane abin da ake ciki.

Aka sa mata rigar hana nutsewa a kan adon nan, ta zauna a tsakiyar jirgi tsakanin buhunan albasa, ta rufe ido, ta damƙe mini wuyan hannu. Tun da injin ya tashi take salati ba ta tsaya ba. In jirgin ya ɗan yi tangaɗi sai ta ƙara murya. Na so in yi dariya, na kuma so in yi kuka, na rasa wanda zan fara. Har muka sauka ba ta buɗe ido ta ga tafkin da ta yi rayuwarta duka a bakinsa ba, ni kuma shatin yatsunta ya kwana a hannuna.

A gidan su mai kifi aka shimfiɗa mata tabarma. Ta gaisa da maigidan da tsohuwarsa a tsanake, ta tambayi ruwa, ta tambayi kamu, kamar ba ita ce ta gama karkarwa yanzu ba. Sannan ta tura goron gabansu ta ce ta zo ɗaukar ɗiyarta goyon ciki. A al'adarmu in ciki ya tsufa, musamman na fari, iyayen mace kan zo su roƙi a ba su ita ta haihu a gabansu, ta yi wanka, sannan a mayar da ita. Ba wanda ke ganin wannan abin kunya, hasali ma daraja ce. Mai kifi ba a taɓa yi mata ba, domin babu wanda zai zo.

Tsohuwar ta yi murmushi ta tambayi Inna yaushe ta haifi wannan ɗiya ba su da labari.

"Uwatta ta rasu," in ji Inna. "Ni ban rasu ba. Shekara nawa tana shiga gidana tana shan ruwan randata? In kun ba ni ita, ɗakina za ta kwana. Wanda duk ya tambaya, ku ce tana gidan uwatta."

Maigidan ya dubi tsohuwarsa, tsohuwar ta kwance ƙullin, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare ta miƙa wa Inna rabi. Daga cikin ɗaki na ji ana jan hanci.

Zaman mai kifi a gidanmu ba a rasa rigima ba. Na hana gishiri mai yawa, na hana kanwa, Inna ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi goyon ciki da abinci lami ba, sai ka ce ana horon mutum. Kullum da safe in gwada jinin kafin in fita, Inna na tsaye a kaina tana tambayar me abin ya ce. In ya sauka ta ce addu'arta ce, in ya hau ta ce na'urata ce ta lalace. An kuma kore ni daga gefen gadon da na saba zama in yi hira, an ce na cika surutu, mai ciki na son hutu. Na ji haushi ƙwarai, na kuma faɗa, ba wanda ya kula ni. Maigidan yakan zo ranar kasuwa da kifi, ya durƙusa a zaure ya gaida Inna gaisuwar suruki.

Wata safiya mai kifi tana shara, duk da an hana ta, ta ce kanta na sarawa kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Na gwada, ban tsaya neman takalmi na biyu ba, na tare keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Kafin shayin da na zuba ya huce muna asibiti. Abin da na riƙa tunawa a hanya shi ne, da a gungu take, yanzu ne za a fara neman mai jirgi da man inji. Likitoci suka ce sai an yi aiki a ciro ɗan. Da za a tura ta ciki ta waiwayo, ba ni ta nema ba duk da ni ce mai farar riga.

"Inna, kada ki tahi."

"Ina za ni? Nan za ki iske ni."

Ta kuwa iske ta. Inna ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba, har aka fito da yaro ɗan mitsitsi yana tsala kuka, aka ce uwar ma lafiya. Sai a sannan Inna ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce a miƙo mata angonta ta ga ko ya cancanci wahalar da ya ba ta. Ni na fita waje na yi kukana inda ba mai gani.

Likitar kamfaninmu ta zo barka. Ta zauna a tabarma tana kallon ɗakin Inna, gado ɗaya, kwanuka a jere, hayaƙin ruwan wanka na shigowa ta taga, ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce mun sayi komai mun manta da uwa. Daga nan aikinmu ya sake hanya. Muka shiga neman matan gari da suka daɗe suna hulɗa da matan ruwa, masu sarin kifi, masu sayar da gero da manja, muna tambayar ko za su karɓi 'ya'yan cinikinsu in ciki ya tsufa. Muna koya musu alamun da in sun gani ba a jira, muna ba su gidan sauro da taimakon abinci. Gidan jira ya koma wurin da muke tara su karatu. Ba kowa ya yarda ba, akwai matan da har yanzu ba su da kowa a tudu, akwai mazan da ko goro nawa aka kai ba sa ɓarewa. Amma yanzu in an kira mu ba da shawara a Shanga ko Wara, kafin a yi maganar gini ko fenti, tambayar mutumin nan mai gyaran taru nake fara yi musu.

Da mai kifi ta gama wankan jego muka raka ta bakin ruwa. An sha fama kafin nan, domin ni da Inna mun yi ta ja a kan zafin ruwan wankan mai ɗinki, kuma wannan karon ni na yi nasara. Maigidan ya zo da jirgi, an loda gara da tukwane. Inna ta tsaya nesa da ruwa yadda ta saba, ta ce shiga ɗaya ta ishe ta har ta mutu. Sai ta zaro wani abu daga cikin mayafinta. Majanyin nan ne, ta wanke shi ya bar ƙarnin kifi, ta ninke. Ta ce wa ɗiyarta ta juya. Ta ɗora mata yaron a baya, ta ja zani, ta ɗaure majanyin a kai da hannunta, ta ƙara jan ƙullin don ta tabbata.

"Gammo kuma ki nemi tsumma," in ji ta. "Wanga ya samu aikinshi."