Finjalin da Baba Ya Cika

Ko zan manta ranar da na fara taka Riyad, ba zan manta ranar da Baba ya zuba wa wani mudir gahawa a unguwar Ulaya ba.

Lokacin ina direba a wani ɗan kamfani mai shigo da gahawar Habasha, irin wadda ake cewa an biya manominta haƙƙinsa cif, ba a danne shi ba. Kowane kwali da hoton wani manomi yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka. Aikinmu mu bi ofisoshi da shagunan shan gahawa, kafilinmu, wato Balaraben da ya ɗauko mu aiki, ya yi ta wa'azin adalci, mu kuma mu ba da ɗanɗano.

Baba dattijo ne mutumin Kano, tsohon mai shayi. Shi ke dafa gahawar a sitonmu na unguwar Gubaira, bai taɓa shiga zaman Larabawa ba. Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta kusa mutuwa, kafili kuwa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: in wani babban ofis da muke nema ya karɓi kayanmu za a sabunta masa, in bai karɓa ba, sai gida. Ranar da za mu je ofishin, mai zuba mana gahawa ya kwanta zazzaɓi, aka ce Baba ya sa farar jallabiya ya biyo mu.

Muka hau can saman bene. Mudir, shugaban ofishin, ya zauna da mutanensa. Kafili ya buɗe baki: manomi, zufar manomi, 'ya'yan manomi, sai ka rantse ya taɓa riƙe fartanya. Ni ina riƙe da farantin dabino. Na waiga, sai na ga Baba ya karkata buta yana ta tsiyayawa, finjali, ɗan kofin gahawar, ya cika fal har yana neman zuba.

A garin nan gahawa kaɗan ake zubawa a gindin finjali, a yi ta ƙara wa mutum. Ka cika masa, to ka ce masa ne ya shanye ya ƙara gaba.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, rage! Ɗan kaɗan ake sawa."

Ya harare ni. "Kai yaro, rufe min baki. Tun ɗazu ana cewa kar a tauye manomi, ni zan tauye mai sha? Shekara nawa ina shayi, ban taɓa ba wa mutum rabin kofi ba."

Ya miƙa wa mudir da fara'arsa, har da ɗan rusunawa. Mutum yana zaune a ofishinsa, gaban yaransa, an ce masa sha ka tafi! Mudir ya dubi finjalin, ya dubi kafili, ya ajiye shi bai kai baki ba. Ya ce ana jiransa a wani taro.

A mota kafili ya yi ta zazzaga masifa. Na ce masa tsohon nan bai sani ba, karamci ya yi irin na gida. Ya ce in tuƙa mota in bar surutu. Mutumin da ya kusa yi wa manomin Habasha kuka, ko waiwayar Baba bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni ma iƙamata a hannunsa take, na ci gaba da tuƙi.

Ofishin bai karɓi kayanmu ba, kafili kuma bai sabunta iƙamar ba. Ni na kai Baba filin jirgi. Yana sauke jakarsa ya ce, "Ɗan nan, har yanzu ban ga laifina ba. Garin da cika kofi zagi ne, gara Kano."

Na yi dariya, idona kuma ya kawo ruwa.

Tun daga ranar, duk garin da na shiga sai na tambayi yadda suke yin alheri kafin in yi musu. Kuma in na ji mutum yana kuka saboda talakan wata ƙasa, sai in leƙa in ga yadda yake yi da wanda ke dafa masa.